Dunƙule Huɗu a Shimfiɗar Ɗan Koli

A duk faɗin Dakoro, a shekarun da Faransawa ke riƙe da ƙasa, ni kaɗai ne namijin da za ka tarar zaune da tsinkaye biyu a hannu yana saƙa zaren ulu. Akwai masaƙa, akwai masu ɗinkin hula, kowa ya san sana'arsu ana kuma girmama su. Tawa ce ba ta da suna. Ba na sayarwa, ba na karɓar aikin kowa, sai mutane suka rasa inda za su ajiye ni, suka ajiye ni a wurin dariya. Na koyi nuna musu ko a jikina, amma ƙarya nake, ina jin haushi ƙwarai.

A asibitin soja na koya, can ƙasar Faransa, lokacin da ƙafata ta hagu ta ƙi warkewa. Wata tsohuwar Baturiya mai jinya ta gaji da ganina kwance ina kallon rufi, ta kawo tsinkaye da zare ta ɗora mini a ƙirji. Ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina na karɓar umarni ne kawai, amma ta kama yatsuna ta yi ta juya su har suka gane. Na dawo gida da ɗingishi da wannan ɗabi'a, babu wadda ta sake ni a cikinsu.

Zuwa sojan nan ma ba ni aka kira ba. Da aka ce gidanmu ya ba da mutum ɗaya, sunan yayana aka faɗa. Bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Babanmu ya ja ni bayan rumbu ya ce, kai ba ka da kowa tukuna, ka tafi. Turawa kai suke ƙirgawa, ba ruwansu da na wane ne. Na tafi, kuma ban taɓa yi wa kowa gori ba, Allah shi ne shaida.

Da na dawo na tarar baba ya rasu, yayana kuma ya taso daga ƙauyenmu na wajen Kornaka ya zauna Dakoro. Da damina yana noman gero, da rani ya ɗora hatsi kan jakai ya yi arewa wajen rijiyoyin Azagor ya sayar wa makiyaya. Ni aka ba ni aikin falanto a biro, ofishin kumandan, wato mai zama bakin ƙofa yana jiran a aike shi. Kowace safiya kafin in tafi aiki nakan biya in gaishe shi a zaurensa. Yakan amsa yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya sa albarka, shi ke nan. Bai taɓa tambayata inda aka kai ni ba, bai taɓa duban ƙafar ba, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Abin da nake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba. So nake wata rana ya zauna kusa da ni don yana so, kamar lokacin da muke yara muna tsaron tsuntsaye a gona.

Saƙa kuwa babbar wahalarta a Dakoro ita ce zare. Tumakinmu ba su da irin gashin da ake kaɗawa ya zama ulu, sabon zare kuma sai a kantunan Maraɗi, da tsadar da falanto ba ya ko tambaya. Don haka na zama mafaraucin tsumma. In na ji wani Bature zai tashi, ni ne na farko a wurin gwanjon kayansa. Mutane na ta kokawa kan fitila da gado da tukwanen ƙarfe, ni ina can gefe ina tonon kwandon da aka tara don zubarwa. Tsofaffin soja in sun zo biro nakan duba ƙafafunsu kafin in dubi fuskarsu, ko akwai safar da ta huje. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, sun san ni, sukan jefo mini tsohuwar hular sanyi suna dariya. Duk abin da na samu sai in farke ɗinkin, in nemo bakin zaren daga sama, in warware. Zaren da aka warware yakan fito a nannaɗe, sai an turara shi kan tukunya kamar dambu kafin ya miƙe. Mai ɗakina takan ce ita kaɗai ce matar da ake ara wa madambaci don a dafa safar kafiri.

A ciniki ba na jin kunya, kuma ina da baki. Dabarata ɗaya ce, kada mai kaya ya ga idona ya tsaya. In na hango zare sai in fara taya allura ko madubi, in yi ƙorafin tsadar duniya, sannan in taɓa shi da ɗan yatsa in ce wannan kuma na mene ne. Akwai wani ɗan koli, dattijo mai fara'a, da ke shimfiɗa kayansa kusa da rumfar masu gishiri ranar kasuwa. Shi ya gane ni tun tuni. Da ya gan ni sai ya ce, ga Soja mai neman abin da ba ya so.

Shekara biyu na yi ina tara zaren riga ɗaya. Na ga yadda yayana ke dawowa daga arewa lokacin ɗari, yana tari, leɓe a tsage, don a fili suke kwana bakin rijiya. Na ce zan saƙa masa rigar sanyi mai hannu irin wadda na gani a jikin hafsoshi. Ban iya zuwa in auna shi ba, sai mai ɗakina ta je hira wurin matarsa ta auno taguwarsa da taƙi a kan igiyar shanya. Yawancin zaren mai ruwan toka ne, na safar soja, don shi ya fi samuwa. Bai isa ba, sai na tsarma ruwan ƙasa a tsakiya, daga wani abin wuya da na tsinta a gwanjo. A ƙirji na sa layi ɗaya kore, daga hular ɗiyar wani likita. Koren ya ƙare saura kaɗan ya kai gefe, na cike da tokar. Wannan gurbin ya daɗe yana ci mini rai, sai dai ba wanda zai lura in ba ni ba.

A bakin biro na saƙa ta, kan benci, tsakanin aike da aike. Wata uku ta ci. Masu zuwa biyan bukata suna wucewa suna tambaya ko amarya zan yi wa lefe, ina ce musu uwarsu zan yi wa. Ranar da na gama na naɗe ta a cikin ƙyalle na kai masa da safe. Ya warware, ya ɗaga ta, ya juya gaba da baya.

Ya ce, “Kai ka yi wanga da hannunka?”

Na ce, “Ni na yi, Yaya. Don tahiyar arewa.”

Ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya ce, “Allah shi yi maka albarka. Ka wahala.”

Na fito daga zauren nan ƙafar ma ta manta tana ciwo.

Bayan kwana uku sai ga shi a gidana da la'asar, abin da bai taɓa yi ba in ba suna ko rashin lafiya ba. Ya tarar da ni ina warware wata tsohuwar safa. Mai ɗakina ta rikice, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Ya zauna dab da ni, gwiwarsa na taɓa tawa, ya sha furar a ƙwarya ɗaya da ni. Ya yi ta kallon hannuna yana tambaya. Ta ina ake kamawa? In an ja daga ƙasa fa? Na ce daga ƙasa ba ta zuwa, sai an fara farke ɗinkin gefe, a raba gaba da baya da hannuwa, sannan a nemo bakin daga sama. Na ba shi ya gwada. Ya ja, layi ya zube, ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun muna yara. Har na nuna masa yadda ake naɗe zaren a yatsu ya zama dunƙule. Da ya tafi na ce wa mai ɗakina, kin gani, ashe abin da ya rage ke nan. Na yi farin ciki a ranar, ba na ɓoyewa.

Ya yi tafiyarsa ta arewa ya dawo. Ban ga ya fita da rigar ba, amma da asuba suke tashi, ban kawo komai a raina ba. Da na tambaye shi ko ta yi amfani, ya ce ta yi ƙwarai, yanzu tana cikin adaka kada asu ya taɓa ta. Har na ba shi shawara ya sa ganyen taba a ciki.

Wata ranar kasuwa, ɗari ya fara sauka, na nemi izini na sa'a ɗaya na shiga kasuwa. Tun daga nesa ɗan kolin nan ya ɗaga mini hannu. Ya cusa hannu ƙarƙashin buhu ya fito da dunƙulen ulu har huɗu, biyu manya biyu ƙanana, masu ruwan toka, ya jera su tsakanin kwalli da zobba. Gabana ya faɗi don murna. Tunda nake farauta ban taɓa ganin zare mai yawa haka wuri ɗaya ba, an riga an warware, an naɗe, babu huji babu ƙuna. Na daure na ɗauki wani madubi ina dubawa.

Ya ce, “Aje madubin nan, Soja, ba ya ƙara maka kyau. Ga abin da ya kawo ka.”

Na ɗauki ɗaya na matsa, na sansana, na ɓata fuska. Na ce tsohon zare ne, ya sha jiki, ga warin hayaƙi. Ya faɗi kuɗinsa, na taya ƙasa da rabi, ya ce albarka. Na ajiye na yi kamar zan tafi, na kai har rumfar gishiri ina ɗingishi fiye da yadda ƙafar ta nema. Ya kira ni. Muka ja, muka ja, ya sallama a kan abin da ko a mafarki ban zata ba, har ya ƙara mini allura gyara. Na cika aljihun riga na taho ina jin duk Dakoro babu mai wayona. A hanya na tsaya na ba wani tsohon soja labari, na tsaya na ba mai gadin biro, har da ƙarin gishiri.

Da na tashi aiki ko abinci ban tsaya ci ba. Na sa mai ɗakina ta zauna ta miƙo hannuwa biyu, don a kansu nake zagaya zare kafin a turara. Na ɗauki babban dunƙule ɗaya na fara. Toka, toka, toka, ina zagayawa ina ba ta labarin yadda na kayar da ɗan koli. Can sai zaren ya juya ruwan ƙasa. Na ce, kin ga wani ma ya yi dabarata. Na ci gaba. Ruwan ƙasa ya ƙare, toka ta dawo, sai ga kore ya fito, ɗan guntu, an haɗa shi da tokar da irin ƙullin da nake yi. Na ɗaga kai, na ga ita ba zaren take kallo ba, ni take kallo, hannuwanta a miƙe.

Ta ce a hankali, “Maigida, bari haka nan.”

Ban bari ba. Na zagaye shi har ƙarshe, na ɗauko na biyu, na ɗauko ƙananan. Gaba, baya, hannun dama, hannun hagu. Duk inda na yi ƙulli a wata ukun nan na same shi yana jirana. An farke ɗinkin da kyau, an kamo daga sama, ba a tsinka ko wuri ɗaya ba. Aikin mai koyo ne da ya saurari malaminsa. Sai a lokacin na gane abin da ya kawo shi gidana da la'asar, da abin da dariyar nan take nufi. Na zauna da zaren a cinya, kunya ta rufe ni kafin fushi ya zo, don ni da bakina na bi gari ina shelar arahar da na samu.

Duk da haka zuciya ta yi ta nema masa hanya. Wataƙila sace ta aka yi. Wataƙila matarsa ce. Na koma kasuwa kafin a watse, na tarar ɗan kolin yana ɗaure kaya. Na tambaye shi wa ya kawo masa zaren.

Ya ce, “Kai, ashe bai hwaɗa maka ba? Yayanka mana. Shi da kainai ya kawo shi cikin burgami. Ni da na ƙi saye, na ce mi zan yi da shi, wa ka sayen wanga abu garin ga? Ya ce in aje, ƙanena na zuwa, shi ba ya ganin irin shi ya wuce.”

Ya faɗa yana murmushi, a zatonsa labarin zumunci yake ba ni. Na yi masa godiya, don ba shi da laifi. Da a ce yayana ya kai rigar wata kasuwa ya sayar wa wani Buzu ya sa, da na ji zafi amma na haƙura, ko ba komai tana jikin mutum. Da a ce yunwa ce, da na ɗauki hatsi na kai masa. Rumbunsa biyu cike suke a shekarar. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ya zauna ya yi tunani. Ya san in ta fita a riga za a gane ta, ya san in ta fita a zare mutum ɗaya ne zai saya, ya kuma san wane ne.

Washegari na biya gaisuwa kamar kullum. Yana zaune a zaure yana gyaran igiyar jaki, ya lulluɓa da tsohon bargo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce sanyi ya sauka, ina rigar?

Bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Tana nan cikin adaka.”

Na ce, “Yaya, jiya na sayi zare wurin ɗan koli.”

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Na jira. Na rantse da ya ce mini ka yi haƙuri, ko ya ce na rasa yadda zan sa ta a gaban mutane, ko ma ya yi shiru ya sunkuyar da kai, da a nan maganar ta mutu. Na zo da yafiyata a shirye, neman inda zan ajiye ta kawai nake.

Ya ɗago ya ce, “Ya rage maka ko? Na ce mashi shi yi maka sauƙi.”

Daga nan sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ai ba a yi asarar komai ba, ni zare nake so ga shi ya dawo hannuna, sai in sake wasana da shi. Ya ce shi mutum ne mai iyali, ba zai shiga cikin Buzaye da Fulani da rigar da kowa zai tambayi wa ya yi ta ba. In ya ce ƙanensa ne, sai a ce wane, sai a ce wanda ya tahi soja, daga nan kuma magana ta yi tsawo.

Na ce, “Wace magana ce za ta yi tsawo, Yaya?”

Ya koma kan igiyarsa. Ya ce rana ta yi, kada in makara kumandan ya yi faɗa.

Yanzu da na tsufa na san abin da yake gudu. Duk wanda ya tambayi rigar zai kai ga ƙafata, wanda ya kai ga ƙafata zai kai ga sunan da aka kira a ƙofar gidanmu. Na gane, amma ganewa ba ta rage mini komai ba. Ni ban kai masa rigar don in tuna masa ba. Na kai masa don yana tari. Shi ne ya dube ta ya ga abin da ba ni na sa a ciki ba, sannan ya zo gidana ya sha furata ya haɗa gwiwa da ni don in koya masa yadda zai rabu da ita. Ha'inci ne, kuma har yau da wannan sunan nake kiransa.

Na miƙe da kyar, don ƙafar ba ta son durƙuso. A bakin zaure na juyo. Tunda na iya magana ban taɓa kiransa da wani abu ba sai Yaya, ko a gabansa ko a bayansa. Ran nan na ce, “Sai an jima, Malam,” yadda ake ce wa maƙwabci.

Ya ce, “To, a gaida gida.”

Ban daina zuwa gaisuwa ba, don ba a yanke zumunci. Kowace safiya ina biyawa, ina durƙusawa, ina ce masa Malam. Na yi ta sa rai wata rana zai tsayar da ni ya ce, kai, me ya sa ka daina ce mini Yaya. Mun yi shekaru masu yawa a haka, Faransawa suka tafi, 'ya'yanmu suka yi aure, gemunsa ya yi fari. Har aka sa shi a makara bai tambaya ba.